Wa Ake Tambaya Idan Ciwon na Gado Ne?

A ƙasar Ailan akwai wani ciwo da ake gado ta wajen uwa da uba gaba ɗaya, likitoci na kiransa hemokuromatosis. Hanjin mai wannan ciwo yana zuƙar sinadarin ƙarfe daga abinci fiye da ƙima, jiki kuma ba shi da hanyar zubar da abin da ya yi rara. Mutum ɗaya cikin 5 a ƙasar yana ɗauke da ƙwayar gadon ciwon guda ɗaya, kusan ɗaya cikin 83 kuma ya gaji biyu, ɗaya daga kowane ɓangare. Babu ƙasar da aka sani ta kai ta yawan masu shi. A nan Kujama, hedikwatar ƙaramar hukumar Chikun, da wuya ka sami wanda ya taɓa jin sunan ciwon, kuma ba abin mamaki ba ne, don wannan ƙwayar gado ba kasafai ake samunta a jinin baƙar fata ba. Duk da haka labarin ya shafe mu. Sikila, wadda ba ta bar unguwa ko ɗaya ba tun daga Sabon Tasha har Kafanchan, hanyar gadonta iri ɗaya ce sak da ta wannan ciwo. Ƙarfe kuma yana taruwa a jikin 'ya'yanmu masu sikila, sai dai ta wata ƙofa daban yake shiga.

Jikin baligi lafiyayye yana riƙe da ƙarfe kamar giram 3 zuwa 4, mafi yawansa a cikin jajayen ƙwayoyin jini. Kowace rana hanji yana karɓar miligiram 1 ko 2, daidai da ɗan abin da ke zubewa tare da matattun ƙwayoyin fata da na hanji. Hanta ce ke tsaron ƙofa. Tana fitar da wani sinadari mai suna hefsidin, shi ke sa hanji ya rage ɗauka idan abin ya wadata. A jikin mai hemokuromatosis wannan sinadari ba ya fita yadda ya kamata, sai jiki ya zama tamkar rumbun da ake ta zuba wa hatsi ta sama alhali ba a yi masa ƙofar ɗiba ba. Shekara ashirin, talatin, arba'in, mutum na harkokinsa bai san komai ba, ƙarfe na kwanciya a hanta, da zuciya, da gaɓoɓi, da gaɓar nan mai samar da insulin. Wani sai ya tara giram 20 ko fiye kafin a farga. Daga nan sai gajiya marar dalili, ciwon gaɓoɓin yatsa manuniya da na tsakiya, raunin mazakuta, ciwon suga, hanta ta ƙandare, wani lokacin har ta kai ga ciwon daji. Fatar Bature takan koma launin tagulla, alamar da a fatarmu ba kowa zai lura da ita ba. Maza sun fi saurin nunawa. Mata kan jinkirta saboda jinin al'ada da haihuwa suna rage musu nauyin.

An daɗe kafin a gane bakin zaren. Armand Trousseau ya bayyana alamomin a Faransa a 1865, von Recklinghausen ya raɗa wa ciwon suna a Jamus a 1889, Joseph Sheldon na Ingila ya ce a 1935 abin na gado ne, amma sai a 1996 John Feder da abokan aikinsa a Amurka suka gano ƙwayar gadon da ke haddasa shi, wadda ake kira HFE. Maganin kuwa ba ya bukatar wata na'ura mai tsada. Jini ake ɗiba, kusan rabin lita a mako, kowace ɗiba ta tafi da ƙarfe miligiram 200 zuwa 250, har ma'aunin ƙarfen da ke ajiye a jiki, wato feritin, ya sauko. Bayan nan sai a koma ɗiba 'yan lokuta a shekara. Wanda aka gano nasa kafin hanta ta lalace yakan yi tsawon rai kamar kowa. Wanda aka makara da nasa kuwa, ɗibar jini ba za ta dawo masa da hantar da ta riga ta ƙandare ba. Saboda haka duk nauyin ya koma kan abu ɗaya, wato mutum ya sani da wuri. Shi ya sa masu wannan ciwo suka damu ƙwarai da tambayar inda ake samun bayani, da bakin wanda ake jinsa.

Ba asibitoci ne suka fara amsa tambayar ba. Wata mata 'yar asalin Afirka ta Kudu, Marie Warder, ta ga mijinta ya sha shekaru yana jinya kafin a gano ƙarfe ne ke cinsa. Bayan sun koma Kanada sai aka gano 'yarsu ma tana da shi. A farkon shekarun 1980 ta kafa ƙungiyar masu ciwon ta Kanada, ta yi ta rubuce-rubuce tana bin likitoci da 'yan jarida da hukumomi har aka fara saurarenta. A Birtaniya an kafa irin wannan ƙungiya a 1990, akwai ta a Ailan, akwai ta a Ostareliya, kuma kusan dukkansu majinyata ne da iyalansu suka assasa su. Suna buga ƙananan littattafai da harshe mai sauƙi, suna da lambar waya da sabon majinyaci zai kira ya ji muryar wanda ya riga shi shiga halin. Har likitoci suke rubuta wa takardun tunatarwa, domin sun lura likita kan ga mai gajiya da ciwon gaɓoɓi sau da yawa bai tuna ya auna masa ƙarfe ba.

A 2014 aka buga wani bincike da aka yi tare da ƙungiyoyin majinyatan na ƙasashen Turai, inda aka tambayi masu ciwon da kansu daga ina suke samun bayani. Ga intanet a kowane gida, ga ƙwararrun likitocin hanta da na jini, amma abin da binciken ya fito da shi shi ne girman matsayin likitan gida, wanda ke duba iyali tun daga tari har hawan jini. A ganina wannan ba baƙon abu ba ne ga duk wanda ya taɓa jinya. Maganar gado ba maganar jikin mutum ɗaya ba ce. Ta haɗa da uwa da uba, da 'yan'uwa, da 'ya'yan da ba a haifa ba tukuna, kuma mutum ba ya son ɗaukar irin wannan magana ya kai wa baƙo. Wanda ya saba da shi yake nema, ko da wani can ya fi shi ilimi. Su Turawan da suka fahimci haka sai suka mayar da hankali wajen ganin wannan na kusa ya san abin da zai faɗa.

Abin da ya fi burge ni a tsarinsu wata takarda ce. Idan aka tabbatar mutum na da ciwon, ba a barin sakamakon ya tsaya a kansa. Ƙungiyar Ostareliya, alal misali, ta tanadi wasiƙar da majinyaci zai aika wa danginsa, tana bayyana ciwon a taƙaice, tana roƙon wanda ya karɓa ya kai wa likitansa a gwada shi. Dalili a fili yake: duk wanda ke uwa ɗaya uba ɗaya da majinyacin, yiwuwar ya gaji ƙwayoyin biyu aƙalla ɗaya ce cikin huɗu. Ta haka ganowar mutum guda take ceton ƙanensa tun hantarsa na lafiya. Wasiƙar ta kuma sauke wa majinyacin nauyin baki, ba sai ya tsaya yana inda-inda wajen bayanin abin da shi ma bai gama fahimta ba. Bayan wannan, hukumomin tara jini a Ostareliya da Ailan da Ingila suna karɓar jinin da ake ɗiba daga masu ciwon da suka cika sharuɗɗa, a ƙara wa mabukata, domin jinin lafiyayye ne kuma ciwon ba a ɗaukarsa ta jini. Mutumin da da yake ganin kansa majinyaci sai ga shi yana cikin masu taimako.

Su ma suna da nasu tuntuɓen. Tun 2017 hukumar magunguna ta Amurka ta yarda kamfanin 23andMe ya riƙa sayar wa jama'a gwajin da ya haɗa da wannan ƙwayar gado kai tsaye, mutum ya tofa yawu a kwalba ya aika, sakamako ya same shi a waya. To, gadon ƙwayoyin biyu ba ya nufin lalle ciwon zai bayyana. Da yawa suna da su har tsufa ba su taɓa tara ƙarfen da zai cutar ba. Wanda ya ga sakamako shi kaɗai cikin dare ba tare da mai yi masa bayani ba, ko dai ya firgita a banza, ko ya raina abin da ya kamata ya kula da shi. Akwai kuma tsoron a yi amfani da sakamakon a hana mutum aiki ko inshorar lafiya, har sai da Amurka ta yi doka a 2008 ta haramta hakan.

A nan gida, wa ake tambaya? Ka tsaya bakin kemis a Kujama ranar kasuwa. Mata za ta shigo da goyo, wani yaron kuma riƙe da gefen zaninta, idanunsa sun ɗan yi ɗorawa. Ta ce, “Likita, yaron nan ba shi da jini.” Mai kemis ya ja fatar idon yaron ƙasa, ya juya tafin hannunsa ya duba, ya miƙa hannu kan kanta ya sauko da kwalbar maganin ƙarin jini cikin kwalinta. “Mama, cokali ɗaya safe, ɗaya yamma. Ki haɗa masa da malt da madara.” A gida kuma kaka ta riga ta jiƙa karan dafi. Kowa a cikinsu alheri yake nufi, kuma sau da yawa suna kan daidai, domin ƙarancin jini gaskiya ne a ƙasar nan: binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya sami kashi 68 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara 5 da kashi 58 na mata masu shekarun haihuwa suna da shi. Mai ciki da aka ba ƙwayar ƙarfe a wajen awo ta sha abinta, kada wannan rubutu ya sa ta fasa. Abin da ke damuna tambayoyi biyu ne da ba a cika yi a bakin kantar nan ba: yaron sikila ne? An taɓa ƙara masa jini, kuma leda nawa?

Ƙarancin jinin mai sikila ba daga rashin ƙarfe yake tasowa ba. Jajayen ƙwayoyinsa ne ke fashewa cikin kwana 10 zuwa 20, maimakon kwana 120 na mai lafiya, kuma ƙarfen da ke cikinsu ba ya fita, jiki yana mayar da shi ajiya. Kowace ledar jini da aka ƙara masa tana shigo da wani miligiram 200 ko fiye, abin da hanji zai yi wata da watanni bai ɗauka ba. Idan ledoji suka kai 10 zuwa 20, an fara shiga yankin haɗari, kuma ɓarnar da ƙarfe ke yi wa hantar ɗan Ailan ita yake yi wa hantar ɗan Kujama. Bambancin shi ne wannan yaro ba a iya ɗibar masa jini, don ba shi da na ɗiba. Sai dai magungunan da ke kama ƙarfe su fitar da shi ta fitsari ko bayan gida, irin su deferoksamin da ake sa wa a ƙarƙashin fata na tsawon sa'o'i, ko deferasiroks da ake sha, kuma dukkansu suna da tsadar da ta fi ƙarfin yawancin gidaje. Ana samun mai sikilar da ƙarfensa ya yi ƙasa da gaske, musamman ƙaramin yaron da ba a taɓa ƙara wa jini ba, amma gwaji ne ke nuna haka. Duban fatar ido ba ya nunawa. Abin da aka saba ba su kullum shi ne folik asid da maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro, da fenisilin ga ƙanana.

Yawan masu abin ya isa a ce kowane mai kemis ya haddace wannan. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2006 ya ƙiyasta kashi 24 cikin 100 na 'yan Najeriya suna ɗauke da ƙwayar sikila guda ɗaya, kuma ana haihuwar jarirai kusan 150,000 masu ciwon a kowace shekara. Ka ga yawan masu ɗauke da ita a nan ya ma zarce na masu ɗauke da ƙwayar ƙarfe a Ailan. A shekarun 1970, lokacin babban binciken zazzaɓin cizon sauro a Garki, wadda yanzu take jihar Jigawa, Alan Fleming na Jami'ar Ahmadu Bello da abokan aikinsa sun sami kusan 2 cikin 100 na jarirai da SS, wato sun gaji ƙwayoyin sikila biyu, amma cikin yaran da suka tasa da ƙyar ake samun mai shi. Sun rasu tun suna ƙanana, akasari ba wanda ya san sunan abin da ya ɗauke su, sai a ce wabi uwar take yi. Yau da yawa suna girma, suna karatu, suna aure. Wannan abin godiya ne, kuma shi ne ya sa maganar ƙarfe ta zama tamu, domin sai wanda ya rayu ne ledoji ke taruwa masa.

An kuma samu ci gaba kusa da mu wanda labarinsa bai iso ƙauye ba. A Amurka, tun 1998 aka nuna cewa ƙarin jini duk wata yana rage haɗarin shanyewar ɓarin jiki da kusan kashi 90 cikin 100 ga yara masu sikila da na'urar auna gudun jini a ka ta nuna suna cikin haɗari. Ƙarin jini duk wata kuwa abu ne da ba zai yiwu ga yawancinmu ba, ga kuma ƙarfen da yake tarawa. Sai likitoci a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da Asibitin Murtala a Kano da Asibitin Koyarwa na Barau Dikko a Kaduna, tare da Michael DeBaun na Jami'ar Vanderbilt, suka gwada maganin haidroksiyuriya a madadinsa, aka buga sakamakon a 2022 yana nuna maganin na kare yaran. Barau Dikko tafiyar mota ɗaya ko biyu ce daga Kujama. Uwa nawa ce a Kujama ta san akwai awon kai da ake yi wa yaro mai sikila tun yana shekara 2?

Bayan bakin kemis, wuri na biyu da muke haɗuwa da bayanin gado shi ne ƙofar aure. Coci-coci da yawa a kudancin Kaduna ba sa ɗaura aure sai an kawo takardar gwajin jini, masallatai da dama sun bi sahu, jihar Kano ma ta mayar da shi doka a 2024. Niyyar mai kyau ce. Amma a duba yadda abin ke zuwa: an kai gaisuwa, an sa rana, wani lokacin har an raba anko, sannan saurayi da budurwa su karɓo takarda mai harafi biyu daga ɗakin gwaji, ba wanda ya zaunar da su. AS da AS, wato kowannensu na ɗauke da ƙwayar sikila guda ɗaya. Kwamitin aure ya gani, iyaye su ji, kafin Lahadi unguwa ta ɗauka. Yarinyar da lafiyarta lau sai a fara nuna ta da baki ana cewa mai ciwo ce. Wasu kuma, don gudun wannan, sai su nemi inda za a rubuta musu AA, wato ba su da ƙwayar. Ga kuskuren lissafi da ya zama ruwan dare, cewa idan an haifi ɗaya mai ciwo to uku na gaba sun tsira. Ba haka ba ne. Kowane ciki da nasa lissafin, ɗaya cikin huɗu, ko na fari ne ko na takwas.

Takardar kanta tana iya yin kuskure, kuma wannan ya kamata kowane fasto da limami ya sani. Mai SS da aka ƙara wa jini cikin wata uku da suka wuce zai iya fitowa AS, domin jinin wani ne ke yawo a jikinsa. Jariri ɗan ƙasa da wata shida, gwajin da aka saba yi a ƙananan ɗakunan gwaji yakan ruɗe a kansa saboda jinin jarirantaka bai gama sauyawa ba. Akwai kuma wata ƙwayar gado, beta talasemiya, wadda mai ɗauke da ita kan fito AA a gwajin yau da kullum, amma idan ya haɗu da mai AS za su iya haifar yaro mai sikila. Aikin tantance yara da Dakta Baba Inusa ya yi a arewacin Najeriya tare da Gidauniyar Fantsuam ta Kafanchan, wanda aka buga a 2015, ya ja hankali kan samuwar wannan ƙwaya a yankinmu. Ka auna gidan da miji ke riƙe da takardar AA, sai ga yaro da sikila. Zargin da zai hau kan matar ba sai an faɗa ba, alhali gwaji mai zurfi kaɗai zai wanke ta.

A tsibirin Saifurus, inda talasemiya ta yi yawa, Ikilisiyar Otodoks tun 1983 take neman takarda kafin aure, amma takardar shaida ce kawai cewa an yi gwaji an kuma zauna da mai ba da shawara. Sakamakon na masu shi ne, kuma ikilisiya ba ta hana auren. Raguwar haihuwar masu ciwon a can ta zo ne har da gwajin ciki da zubar da shi, abin da yawancin mutanenmu, Kirista da Musulmi, ba za su karɓa ba, ni ma ba shi nake nufi ba. Abin da nake ganin ya dace mu ɗauka shi ne rufin asirin, da wajabta zaman bayanin. Da a ce yaro ya san jininsa tun yana firamare, a gidansu ana maganar kamar yadda ake maganar sunan kakansa, da takardar ranar sa rana ba ta zo da tashin hankali ba.

Matasa yanzu waya suke tambaya, kuma ban ga laifin haka ba. Sai dai yawancin abin da aka rubuta kan taruwar ƙarfe a intanet an rubuta shi ne da Bature a zuciya. Wani babban bincike a Amurka da Kanada da ya tantance mutum kusan 100,000, aka buga a 2005, ya sami masu ƙwayoyin HFE biyu na nau'in da ya fi cutarwa kusan 44 cikin kowane 10,000 na farar fata, amma a baƙar fata bai kai 2 ba. Ɗan Kujama da ya karanta ya kashe kuɗi ya yi gwajin HFE, kusan tabbas zai fito ba shi da ita, ya ɗauka ya tsira, alhali ƙarfe na da wasu hanyoyi zuwa hantar ɗan Afirka. Tun 1929 wani likita mai suna Strachan ya bayyana yawan ƙarfe a gawawwakin baƙar fata a Johannasbag, aka danganta shi da giyar gargajiya da ake dafawa a gangunan ƙarfe, wadda lita ɗaya kan ɗauki gomman miligiram. A 1992 Victor Gordeuk da abokan aikinsa, bayan nazarin iyalai a kudancin Afirka, suka nuna akwai hannun gado a ciki, wanda ba na HFE ba. A yankinmu ana dafa burkutu, wasu a tukwanen ƙasa, wasu a ganga. Dattijon da ya shekara da shekaru yana sha, cikinsa ya fara kumburi, ya dace a auna masa ƙarfe tare da gwajin ciwon hanta nau'in B, kada a tsaya a ɗaya. Feritin ma ba a karanta shi kai tsaye, domin zazzaɓi da kumburin hanta suna ɗaga shi, sai an haɗa da wani gwajin da ke nuna yawan ƙarfen da ke yawo a jini. Kuma kada wani ya ji ana ɗibar jini a Turai ya nufi wajen wanzami a yi masa ƙaho. Ɗibar asibiti ana yin ta ne da ma'auni bayan gwaji, ga mai sikila kuwa rage jini na iya zama ajali.

Mu ba mu da likitan gida irin na Turai, kuma ba za mu same shi gobe ba. Amma muna da waɗanda mutane suka riga suka zaɓa suna tambaya: mai kemis, Sista a ƙaramin asibitin unguwa, ungozoma, shugabar zumuntar mata, malamar Islamiyya, mai wa'azin da ke shirya ma'aurata. Faɗa da su ko hana mutane zuwa wajensu ɓata lokaci ne. A koya musu abu kaɗan amma ingantacce, da Hausa da Gbagyi da Adara da sauran harsunan da ake ji a kasuwa, su san inda iliminsu ya tsaya su tura mutum gaba. Ƙaramar hukumar Chikun, wadda hedikwatarta ke Kujama, za ta iya tara masu kemis na yini guda a kan wannan ba tare da kasafi mai nauyi ba. Ranar sikila ta duniya, 19 ga Yuni, tana zuwa kowace shekara, kuma zama da masu kemis zai fi tattaki da riguna amfani.

Sauran aikin na iyaye ne, kamar yadda ya kasance a Kanada da Birtaniya. Uwar da ta raini mai sikila har ya kai shekara goma sha biyar ta san abubuwan da babu littafin da ya tara su: yadda ake gane tashin ciwon tun daga yanayin kukan yaro, yadda ake lalubar saifa a gefen ciki na hagu, yadda ake yi da sanyin hunturu, wane dare ne ba a jiran gari ya waye. Idan irin waɗannan iyaye goma suka riƙa haɗuwa sau ɗaya a wata, sabuwar uwa ta sami wajen zuwa, kuma su ne za su iya rubuta wasiƙar dangi irin tamu, gajera, mai ladabi, wadda za a karanta wa kawu da gwaggo a ce an sami sikila a gidan nan, don Allah kowa ya gwada 'ya'yansa, babu laifin uwa babu laifin uba.

Akwai abin da kowace uwa za ta iya farawa ba ta jira kowa ba. Ta sayi ƙaramin littafi na makaranta, ta rubuta sunan yaron da sakamakon gwajinsa da inda aka yi shi. Duk ranar da aka ƙara masa jini, a kowane asibiti ne, ta sa a rubuta kwanan wata da yawan leda, domin katin asibiti ɗaya bai san abin da aka yi a ɗayan ba. Ta nuna littafin a kemis kafin ta karɓi kowace kwalba. Idan ledojin sun kai 10, ta nuna wa likita ta nemi a auna feritin. Idan ba a yi a nan, ta nemi takardar turawa zuwa Barau Dikko ko asibitin Shika, ta kuma tafi da 'yan'uwan yaron a gwada su a tafiya ɗaya.